Yadda Za Ka Gwada Saukar Harsashi a Bindigar Farauta Mai Ɗurin Baki

Harsashi ba ya jira sai ya gaji kafin ya fara sauka. Tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga ƙasa take jan sa, daidai yadda take jan dutsen da ka saki daga hannunka. Abin da ya yi kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa yana faɗuwa zai sauka kusan santimita 5. Idan lokacin ya ninka, saukar takan kai kusan santimita 20, wato ninki huɗu. A rabin daƙiƙa kuwa ta wuce mita guda. Saboda haka tambayar da ke gaban maharbi ita ce tsawon lokacin da harsashinsa zai yi a iska kafin ya isa, kuma a nan ne bindiga mai ɗurin baki take da rauni. Harsashinta kakkaura ne, mai nauyi, ba shi da saurin na bindigogin zamani, iska kuma tana cin gudunsa tun bai yi nisa ba.

Wannan tsohon sani ne. A 1742 Benjamin Robins, wani masanin lissafi ɗan Ingila, ya bayyana na'urar lilo da ya ƙera don auna gudun harsashi, ya nuna cewa iska tana rage masa gudu fiye da yadda mutanen zamaninsa suke zato. Har yau dai maharbi yakan karanta jadawalin da ke jikin kwalin harsashi ya ɗauka nasa ne. Wancan jadawalin an yi shi da wata bindiga, da wani tsawon bututu, da wani ma'aunin albarushi. Taka bindigar sai ka kai ta fili ka tambaye ta da kanka. Ni abin da ya sa na damu da wannan gwaji shi ne dabbar da aka harba a ƙafa ko a ciki, ta shige daji da rauni, ta yi kwana biyu tana shan azaba kafin ta mutu a inda ba wanda zai amfana da ita. Sau da yawa musabbabin bai wuce kuskuren santimita 15 ba, wanda takarda za ta iya tona shi a yini guda.

Duk bayanin da ke tafe na bindigar da kamfani ya ƙera ne, mai murɗiya a cikin bututu (wato murɗaɗɗen tsagin da yake juya harsashi), mai littafin da ya faɗi iyakar albarushin da take ɗauka, a hannun wanda dokar ƙasarsa ta ba shi izinin riƙe ta da yin farauta da ita.

Ka tsayar da ɗuri ɗaya tukuna

Ba a auna saukar harsashi ana canza ɗuri. Albarushi iri ɗaya, ma'auni ɗaya, harsashi iri ɗaya, ƙwayar tashin wuta iri ɗaya, daga harbin farko har na ƙarshe. Ka sauya ɗaya daga cikinsu, duk abin da ka rubuta ya tashi a banza.

Harsasan iri uku ne a taƙaice. Akwai dunƙulen dalma da ake naɗewa cikin ƙyalle mai maiƙo. A bindiga mai faɗin baki inci .50, wato milimita 12.7, dunƙulen yakan zama .490, nauyinsa kusan giren 177, kimanin giram 11.5. Akwai dogon harsashin dalma mai cika bututu, jikan wanda Claude-Étienne Minié na sojan Faransa ya fito da shi wajen 1849. Akwai kuma siririn harsashi, galibi .45, da ake sa wa rigar roba don ya cika bututun .50, rigar takan rabu da shi ta faɗi 'yan mitoci kaɗan daga bakin bindiga. Murɗiyar bututunka ce za ta gaya maka wanda ya dace. Mai juyi ɗaya a inci 60 ko 66 ta dunƙule ce. Mai juyi ɗaya a inci 28 ta dogon harsashi ce da mai rigar roba. Ta inci 48 tana tsakiya, tana ɗaukar wannan tana ɗaukar wancan, ko da yake ba ta cika gwanancewa a ko ɗaya ba.

Albarushi kuwa da mudu ake auna shi, wato da ɗan ma'aunin tagulla mai lambobi, kuma a nan mutane suke rikicewa. Giren 100 na ma'auni bai zama lallai ya yi giren 100 a sikeli ba. Baƙin albarushi na asali, mai alamar FFg ko FFFg, shi ne ma'auninsa da nauyinsa suke kusa da juna. Pyrodex, ɗaya daga cikin madadinsa na zamani, ya fi shi sauƙin nauyi, an yi shi ne don a auna shi mudu da mudu da baƙin albarushi. Triple Seven ya fi ƙarfi, har kamfanin Hodgdon mai yin sa yakan ce a rage kashi 15 cikin ɗari idan ana son a yi daidai da baƙin albarushi. Blackhorn 209 kuwa giren 100 nasa na ma'auni kusan giren 70 ne a sikeli. Wanda ya ɗora shi a sikeli ya auna 100 ya zuba wa bindigarsa abin da ya wuce ƙima. Ka bi littafin bindigarka da abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Albarushin harsasan zamani marar hayaƙi kuwa, ko ƙwaya ɗaya kada ya shiga wannan bututu, don fasa shi yake yi a fuskar mai harbi.

Ka duba dokar wurin da za ka yi farauta tun kafin ka ɓata albarushi. A jihar Kolorado ta Amurka, alal misali, an hana rigar roba da madubin saiti da curarren albarushi a lokacin farautar da aka keɓe wa masu ɗurin baki. Babu amfanin gwada ɗurin da ba za a bar ka ka shiga daji da shi ba.

Kayan aiki da fili

Kana buƙatar teburi mai ƙarfi wanda ba ya rawa, da buhunan yashi biyu, ɗaya a ƙarƙashin katakon gaba, ɗaya a ƙarƙashin gindin bindiga. Kada bututun kansa ya hau buhu ko wani abu mai tauri. Sai kwali ko farar takarda mai tsawon aƙalla mita ɗaya da santimita 20, tef ɗin awo, igiya mai ɗan nauyi a ƙarshenta irin ta magina, alƙaluma masu launi daban-daban, littafin rubutu, ƙyallayen goge bututu, tabarau mai kare ido da abin toshe kunne. Idan kana da na'urar auna gudun harsashi, ka zo da ita, amma ka ajiye ta ɗan nesa da bakin bindiga, kamar mita 4 ko 5, saboda hayaƙi da rigar roba suna rikita ta.

Tsawon takardar nan kada ka raina shi. Karon farko da na yi wannan gwaji, takardata ba ta fi tsawon hannu ba. A mita 100 komai ya tafi daidai. Da na koma mita 200 na harba uku, na taka har wurin, na tarar da takarda fara fat. Sai da na tsuguna na ga inda harsasan suka tone ƙasa a gindin katakon, ɗaya ma ya tsage ƙafar katakon. Harbi uku suka tafi ban sami lambar da zan rubuta ba.

Filin kuma dole ya kasance yana da tudun ƙasa a bayan takarda, mai tsayi da kaurin da zai tare harsashi, ba duwatsu a jikinsa, ba hanya ko gida ko dabbobi a bayansa. Nisan kuwa a aune shi da tef ko na'urar leza, a kafa turke a mita 25, 50, 75, 100, 125, 150, har inda kake son kaiwa. Ƙidayar taku ba ta isa ba. Kuskuren mita 10 a nesa ya isa ya ɓata maka lissafi. Idan da yadi kake aiki, ka tsaya a kan yadi har ƙarshe. Yadi 100 mita 91 ne da 'yan kai.

Ka zaɓi safiya mai sanyi wadda iska ba ta kaɗawa.

Ɗuri iri ɗaya, kowane harbi

A nan zan daɗe, domin rabin abin da mutane suke kira saukar harsashi bambancin ɗuri ne kawai. A bindigar zamani kamfani ne ya ɗura harsashi. A wannan kuwa kai ne kamfanin, kuma hannunka ba inji ba ne.

Kafin harbin farko, ka zura sandar ɗuri cikin bututu ka tabbatar ba komai a ciki, ka goge man da aka shafa masa, sannan ka fasa ƙwayar tashin wuta ɗaya ko biyu ba tare da albarushi ba, baki yana kallon tudu, don ramin wuta ya bushe. Ka zuba albarushi daga gwangwani zuwa ma'auni, ka rufe gwangwanin, sannan daga ma'auni zuwa bututu. Kada ka taɓa zubawa kai tsaye daga gwangwani. Idan akwai sauran garwashi a ciki, abin da ke hannunka gaba ɗaya zai tashi. Yadda ka cika ma'aunin a harbin farko, haka za ka cika shi a na talatin. In kana ɗan bubbuga shi sau biyu kafin ka share bakinsa, to sau biyu kullum. Ni nakan auna dukkan ɗurin da zan yi tun a gida, kowanne a cikin 'yar kwalbarsa mai murfi, don kada gajiya da zafin rana su shiga cikin awon.

Ka tura harsashi da ƙarfi ɗaya, a hankali, har ka ji ya zauna daram a kan albarushi. Kada ka riƙa sukar sa da sanda kamar mai daka, hakan yana lotsa kansa. Kada kuma fuskarka ko tafin hannunka su kasance a saitin bakin bututu. Da ya zauna, ka bar sandar a ciki ka zana mata alama daidai bakin bututun. Wannan alamar ita ce shaidarka daga yau. Idan ta tsaya sama da baki, ko dai harsashin bai kai ƙasa ba, ko ka yi ɗuri biyu. In ta nutse ciki, to mantawa ka yi ba ka zuba albarushi ba. Harsashin da ya tsaya a rabin hanya ya bar sarari tsakaninsa da albarushi yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi.

Ƙwayar tashin wuta ita ce ta ƙarshe, sai ka zauna, bindiga tana kan buhu tana kallon takarda. In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka ɗaga kai ka leƙa. Ka ci gaba da riƙe ta a saitin tudu har minti guda cur, domin wani lokaci wutar tana ci a hankali. Kafin ka sake gwadawa, ka cire ƙwayar ka sake danna harsashin da sanda, don tashin ƙwayar kaɗai yana iya matsar da shi gaba.

Bayan kowane harbi ka goge bututu: ƙyalle ɗaya mai ɗan danshi, ɗaya busasshe. Baƙin albarushi yana barin toka mai yawa, kuma kowace toka tana ƙara matse harsashi na gaba, tana canza gudunsa. Ka kuma ba bututun lokaci ya huce, minti biyar ko fiye, musamman in da rigar roba kake harbi, saboda zafi yana sa ta yi laushi ta kasa riƙe murɗiya. Na sha ganin gungun ramukan harsashi mai kyau ya watse a harbi na huɗu saboda gaggawa kawai.

Akwai wata tambaya da ya kamata ka amsa wa kanka: ranar farauta, da wankakken bututu za ka yi harbin farko ko da wanda aka riga aka harba? Bindigogi da yawa suna jefa harsashin farko na wankakken bututu a wani wuri daban da sauran. Tunda a daji harbi ɗaya ne naka, wannan na farkon shi ne mai muhimmanci. Ka yi masa alama ta musamman a takarda duk ranar da ka fito, ka ga ko yana da halinsa.

Dalilin duk wannan wahala lissafi ne. Bambancin gudun mita 30 a daƙiƙa tsakanin harbi da harbi bai kai ya matsar da harsashi santimita 2 a mita 100 ba, shi ya sa ba a lura da shi. A mita 200 yakan kai kusan santimita 8.

Daidaita saiti

Ka fara a mita 25, inda da wuya ka kuskure takarda. In bindigarka irin ta zamani ce da ake kwance toshiyar bayanta, irin da ta yaɗu bayan Tony Knight ya fito da MK-85 a 1985, kana iya cire toshiyar ka leƙa ta cikin bututu ka daidaita shi da alama, sannan ka juya madubi ya koma kan alamar. Harbi biyu ko uku sun isa a nan. Ka matsa mita 50 ka gyara, sannan ka tafi nisan da kake son saitinka ya zauna. Mai harbin dunƙule da saitin ƙarfe yakan zaɓi mita 50 ko 75. Mai madubi da rigar roba yakan zaɓi mita 100.

Kada ka gyara saiti saboda harbi ɗaya. Ka harba uku, ka nemo tsakiyarsu, ka gyara daga nan. Galibin madubai an rubuta ¼ MOA a kan maɓallinsu. Kowane ƙas ɗaya yana matsar da harsashi kusan milimita 7 a mita 100, rabin haka a mita 50. Waɗanda aka rubuta 0.1 mil kuwa santimita ɗaya ne cif a mita 100.

Da saiti ya zauna, ka mayar da murfin maɓallan. Daga nan har ƙarshen gwaji ba za ka sake taɓa su ba.

Gwajin kansa

Ka kafa doguwar takardarka, ka rataya igiya mai nauyi a gabanta, ka bi ta ka ja layi daga sama har ƙasa. Ka manna alamar bara a kan layin, kamar santimita 25 daga saman takarda, don harsashin da ya hau sama a kusa ya sami wurin sauka. Alamar ta zama babba yadda za ka gan ta sarai daga nesa mafi tsawo. Ga mai saitin ƙarfe, baƙin da'ira mai faɗin santimita 20 bai yi yawa ba a mita 100.

Ƙa'idar guda ce: a kowane nisa, kan alamar nan za ka ɗora saiti. Ba ɗagawa, ba ragewa. Zuciyarka za ta ce ka ɗan ɗaga tunda ka san zai sauka. Kada ka biye mata, saukar ce ka zo gani.

Ka harba uku a mita 50, biyar in kana da hali. Ka cire ƙwayar wuta, ka ajiye bindiga ba ɗuri, ka je ka zagaye ramukan da jan alƙalami. Ka auna nisan kowane rami daga tsayin tsakiyar alama, sama ko ƙasa, ka haɗa, ka raba da yawansu. Misali, a mita 150 ka sami ɗaya santimita 11 ƙasa, ɗaya 14, ɗaya 17. Jimla 42, a raba uku, 14. Wannan ce saukarka a mita 150. Ka rubuta abu na biyu kuma, wato tazarar da ke tsakanin ramuka biyu da suka fi nisa da juna. Wannan faɗin gungu ne, kuma za ka ga amfaninsa nan gaba. Sai ka koma nisa na gaba da wani launin alƙalami.

In ka san ka fizge kunama a wani harbi, ka rubuta hakan tun kafin ka je ka ga ramin, sannan ka sake harbin. In kuwa sai da ka ga ya fita daga gungu ka fara nema masa uzuri, to ka ƙidaya shi. Bindigar ce take gaya maka wani abu.

Ka lura da layin tsaye. Idan gungun yana ƙara karkata gefe ɗaya yayin da nisa yake ƙaruwa, kuma ba iska, mai yiwuwa kana karkata bindigar ne ko madubin bai zauna daidai ba.

Don ka san abin da za ka iya tararwa, ga lissafin misali. Harsashi mai giren 250 cikin rigar roba, ya fita da gudun mita 580 a daƙiƙa, madubi yana santimita 4 sama da bututu, saiti a mita 100:

mita 50: kusan santimita 3 sama
mita 100: daidai
mita 150: kusan santimita 14 ƙasa
mita 200: kusan santimita 41 ƙasa

Dubi yadda abin yake. Mita 50 na farko bayan saiti sun ci santimita 14, na biyun sun ci 27. Dunƙulen dalma ya fi haka tsanani. Wanda ya fita da gudun mita 550, kafin ya kai mita 100 ya koma wajen 315, ƙasa da gudun sauti. In an saita shi a mita 50, a mita 100 zai sauka kamar santimita 14, a mita 150 kuwa kusan rabin mita. Lambobinka za su bambanta da waɗannan, kuma naka ne abin bi.

Kafaɗa tana gajiya. Bayan harbi goma sha biyar ko ashirin na ɗuri mai nauyi, yawancin mutane sukan fara runtse ido kafin bindiga ta tashi ba tare da sun sani ba. In ka ji haka, ka naɗe kaya ka dawo gobe. Ko ba don gajiya ba ma, ya kamata a maimaita gwajin a wata rana daban. Lambar da ta fito sau biyu ita ce za ka dogara da ita.

Abin da za ka yi da lambobin

Hanya ta farko ita ce ɗaga saiti da ido: ka san a mita 150 santimita 14 ne, sai ka ɗora saiti sama da inda kake so da wannan gwargwado. Hanya ta biyu juya maɓalli. A mita 150 kowane ƙas na ¼ MOA kusan santimita 1.1 ne, don haka santimita 14 ƙas 13 ke nan. A mita 200 kowane ƙas kusan santimita 1.45 ne, santimita 41 ƙas 28. In madubinka mai layuka ne a ƙarƙashin tsakiya, kada ka yarda da nisan da kamfani ya rubuta wa kowane layi sai ka harba ka gani, kuma ka tuna a yawancin madubai masu zuƙowa layukan suna daidai ne a ƙarfin zuƙowa ɗaya tak.

Hanya ta uku ita na fi so, domin ba ta buƙatar lissafi a lokacin da zuciya take bugawa. Wurin kisa a ƙirjin barewa, inda huhu da zuciya suke, faɗinsa kusan santimita 20 ne. Sai ka ɗaga saitinka yadda harsashi ba zai hau sama da santimita 10 ba, ka nemo nisan da yake sauka santimita 10 ƙasa. Duk abin da ke tsakanin nan, tsakiyar ƙirji kawai za ka nufa. Kana iya lissafa wannan daga takardarka ba tare da sabon harbi ba. A misalinmu, in ka ɗaga saiti santimita 7 a mita 100, ya ɗagu 3.5 a mita 50, 10.5 a mita 150, 14 a mita 200. Saukar mita 150 ta koma santimita 3.5, ta mita 200 ta koma 27. Saitin ya koma wajen mita 140, kuma har kusan mita 165 kana cikin ƙirji. Bayan ka lissafa, ka je ka tabbatar da harbi.

Yanzu ka dawo kan faɗin gungu. In a mita 150 gungunka ya kai santimita 15 a kan teburi da buhun yashi, to a daji, kana durƙushe, numfashi yana sama, zai ninka. Saboda haka bayan gwajin teburi ka yanka kwali mai faɗin santimita 20, ka harbe shi yadda za ka yi harbi a daji: a zaune, a durƙushe, ko ka jingina da sanda. Nisan da kake sa biyar cikin biyar a kwalin nan, nan ne iyakarka, ko da jadawalinka ya kai mita 200. Gaskiya ne a gasar Creedmoor ta 1874 a Amurka 'yan Ayalan sun yi harbi da bindigogin Rigby masu ɗurin baki har yadi 1,000, maki uku kacal ya raba su da Amurkawa. Amma allo suke harbi, nisansa sananne, ba ya motsi, ba ya jin ciwo.

Ƙarfin duka ma yana raguwa tare da gudu. Dunƙulen misalinmu yana isa mita 100 da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ya fita da shi. Shi ya sa gogaggun masu harbin dunƙule da yawa ba sa wuce mita 75 zuwa 100 a kan babbar dabba, ko da suna iya samun ta.

Abubuwan da takarda ba ta nuna maka ba

Iska tana tura harsashin nan gefe fiye da yadda ake zato. Iska mai gudun mita 4 a daƙiƙa, wadda take kaɗa ganye da ƙananan rassa, tana iya kawar da dunƙule fiye da santimita 20 a mita 100 in ta bugo daga gefe. Ka ware rana guda mai iska ka harba a kan takardar nan, ka ga abin da idonka.

Harbi daga kan tudu zuwa kwari, ko daga kwari zuwa tudu, duka biyun harsashi sama yake bugawa, saboda nisan kwance ne ƙasa take ja a kansa. A gangare mai digiri 30, dabbar da ke mita 150 ka ɗauke ta kamar tana mita 130. Sanyi yana ƙara wa iska kauri, harsashi ya ƙara sauka. A kan tsaunuka masu tsayi iska ba ta da kauri, sai saukar ta ragu. A ƙasa da mita 100 bambancin kaɗan ne, amma wanda ya yi gwaji da zafi zai yi farauta da sanyi ya kamata ya sake harba uku a nisa mafi tsawo. Haka in ka buɗe sabon gwangwanin albarushi, ko tsohon ya daɗe a buɗe ya sha danshi.

Mafi girman kuskure kuwa na ƙiyasin nisa ne. A misalinmu, in ka ɗauka dabba tana mita 175 alhali tana mita 200, harsashinka zai bi kusan santimita 15 ƙasa da inda ka nufa, wato ƙasan ƙirji ko ƙafar gaba. In ba ka da na'urar leza, ka riƙa gwada idonka: ka zaɓi bishiya, ka faɗi nisanta, sannan ka auna.

Da ka gama, ka wanke bindigar a ranar, don tokar baƙin albarushi da ta Pyrodex tana jan danshi tana cin ƙarfe cikin dare ɗaya. Sannan ka kwafe lambobin a 'yar takarda: irin albarushi da ma'auninsa, irin harsashi, nisan saiti, saukar kowane nisa, da iyakar da kwalin santimita 20 ya nuna maka, ita da jan alƙalami. Ka rufe takardar da farin salatif don ruwa, ka manna ta a gefen gindin bindiga, ɓangaren da idonka yake gani idan ka ɗora kunci.